Nasiru da Amanar da Ya Bar wa Amininsa

Shekara bakwai ke nan da Allah Ya yi wa ƙanena Nasiru rasuwa a Manchester. Kowace shekara nakan yi masa addu'a in ja bakina. Bana na kasa.

Nasiru ya zo ƙasar nan ne yin digirin digirgir a kan wata 'yar halitta da Turawa ke kira salamanda. Ba mu da ita a gida, shi ya sa yakan ce mata ƙadangaren ruwa, duk da cewa dangin kwaɗo ce. Abin mamakinta, in ƙafarta ta yanke sai wata sabuwa ta tsiro. Mahaifinmu kuwa ciwon sukari ya sa aka yanke masa ƙafa a Zariya, bai daɗe ba ya rasu. Duk wanda ya san wannan ya san abin da Nasiru yake nema.

Mutanenmu sun sha yi masa dariya. A wajen wani suna a Withington wani ya ce masa, "Malam, wato gwamnati ta biya maka jirgi ka zo kiwon ƙadangaru?" Mutum ɗaya ne ba ya taya su, Bashir, abokin karatunsa. Gidan hayarsu ɗaya a unguwar Fallowfield, tukunyarsu ɗaya. In na taso daga gidana na Aston a Birmingham da miyar kuka, su biyu nake zuba wa. Yaya yake ce mini, kamar yadda Nasiru yake faɗa.

Da cutar daji ta kwantar da Nasiru, a gabana ya riƙe hannun Bashir a asibiti ya ce, "Yaya, ki shaida. Aikin ya kusa ƙarewa. Bashir zai ƙarasa, ya fito da sunanmu mu biyu." Bashir yana hawaye ya ce, "Wallahi sunanka ne a gaba."

Bayan jana'iza wayar Bashir ta riƙa raguwa har ta ɗauke. Na yi masa uzuri, na ce hidimar duniya ce. Da na ji bana zai zo Birmingham yin lacca, yanzu ya zama Farfesa, sai da na yi masa dambun nama na tafi da murnata.

Ya iya magana. Ya ba da labarin yadda Turawan zamanin dauri suka ɗauka a cikin wuta ake haifar salamanda, alhali ɓuya take cikin itace mai danshi, in an sa shi a murhu ta fito da gudu. Sannan ya sassauta murya ya ce tun yana yaro ya fara wannan bincike, ranar da ƙadangare ya fito daga murhun kakarsa babu wutsiya, kakar ta hana shi jifansa, ta ce ya zuba ido zai ga ikon Allah.

Kakarmu ce. Murhun gidanmu ne na Zariya, ina tsaye a wurin aka yi. A kan teburina Nasiru ya ba Bashir labarin. Har aka tafa aka watse, sunan ƙanena bai fito daga bakinsa ba.

Na same shi a bakin ƙofa na ce, "Bashir, ina sunan Nasiru?"

Ya ce, "Yaya, it's complicated. Aikin ya canja sosai bayansa."

Na ce, "Har kakar ma ta canja?"

Aka kira shi ɗaukar hoto, ya tafi. Na komo gida da dambuna.

Na sha tambayar kaina me Nasiru zai ce da yana raye. Na san halinsa. Cewa zai yi, "Yaya, ki ƙyale, muddin wani zai amfana." Wataƙila ma ya yi farin ciki da ganin ɗakin a cike, ana sauraron abin da aka yi masa dariya a kai. Amma ni aka sa shaida, kuma ba ni da haƙurinsa.

Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Abin da ya bari shi ne wannan aiki, da waɗanda suka ga yadda ya yi shi yana jinya bai taɓa ƙorafi ba. In wata rana kuka ji an samo wa masu rauni wani sauƙi daga wannan bincike, ku sa Nasiru a addu'a. Bashir kuwa ban yafe ba tukuna. Ina roƙon Allah Ya ba ni ikon yafewa kafin mu haɗu mu uku.