Injin Wankin Goggo Milunka

Har gobe in aka ambaci Milunka a ƙauyen nan na kudancin Sabiya, injin wanki ake tunawa. Ta ɗauko shi a baro daga gidan ƙanin mijinta, tana lallaɓawa kada a gani, sai tayar ta faɗa rami daidai ƙofar maƙwabciyarta Desanka. Inji ya kife, murfi ya buɗe, kaza ta fito tana kyarkyara, ƙwai na gangarawa. Ashe injin ya daɗe da mutuwa, kaza ta mayar da shi ɗaki.

Ba wanki ne ya dami Milunka ba. Gwauruwa ce mai ƙarfin hannu, ba mai gasa barkonon ajiyar hunturu kamar ta. Amma tun suna 'yan mata take gasa da Desanka: in waccan ta shafa wa ƙofa fenti, ita har taga. To, jikar Desanka, Tiyana, mai karatun kiwon lafiyar jama'a, ta zo tana bi gida-gida: wa ke da injin wanki, wa ke da banɗaki a ciki, ɗaki nawa ake ɗumamawa. Tana neman sanin yadda rashi ke jawo ciwo. Desanka na da inji. Milunka kuwa ta rantse jikar Desanka ba za ta sa ta a layin marasa shi ba.

Ranar da injin ya kife, Tiyana ta taya Milunka tsince ƙwai.

"Goggo, ai ba a rubuta sunan kowa."

"Ba suna? Duk wahalar nan?"

Da jami'a ta ba Tiyana lambar yabo, Desanka ta rataye takardar yabon a bangon falo, ta tara mata shan kofi. Milunka ta zo a makare, ta zauna ta ba bango baya, ta ce kofin ya yi ruwa. Nata jikan direban tirela ne a Jamus, hoton abinci kawai yake turowa.

"Maƙwabciya, juyo mana ki gani," in ji Desanka. "Ko a aiko kaza ta karanta miki?"

Mata suka fashe da dariya. Milunka ta ajiye kofi a hankali.

"Ku yi ta yi. Da kowa na da inji, me yarinyar za ta auna? Da talaucina aka ci kyautar nan, amma a bangonki aka rataye ta. Ranar Lahadi ki aiko min da takardar, ta kwana biyu a nawa bangon."