Ranar da Kwalta Ta Ƙi Kwanciya

Lokacin da nake tuƙa rola a aikin hanya, kudu da Garwa, akwai wata rana da har yau ban manta da ita ba.

Farkon damina ne. Hadari ya haɗo daga gabas, shef ɗinmu kuma, wato shugaban aikin, mutum mai saurin fushi, ya dage sai mun gama gangaren wata gada kafin ruwa ya sauko. Motoci sun yi layi da kwalta mai zafi, kowace tana huci.

Ina hawa sabuwar shimfiɗar na ji ba daidai ba. Kwalta mai kyau, idan rola ta danne ta, manyan tsakuwa kan ciji juna, matsakaita su shige tsakaninsu, yashi da garin dutse su toshe sauran kafofin, sai ka ji ta tsaya cak a ƙarƙashinka. Wannan kuwa gudu take gaban ƙarfen rolar kamar tuwon da ruwa ya yi wa yawa, tana tsattsagewa a bayana.

Na yi wa shef magana. Ya ce, "Zafi ne ya yi mata yawa, Malam. Ci gaba, za ta kwanta."

Na ci gaba. Da na kai inda gefen hanyar ya yi tsayi bisa rafi, sai bayan rolar ya fara zamewa hagu. Na taka birki, a banza. Kwaltar ce ke tafiya da mu gaba ɗaya. Ma'aikata suka ɗau ihu, wani da Fulatanci, wani da Faransanci, wani na cewa in diro. Ban diro ba. Salati kawai nake, ina karkata kan rolar a hankali, har ƙarfen gaba ya kama shimfiɗar jiya da ta riga ta sandare. Ta tsaya.

Injiniyar da ke duba aikin, wata 'yar garin Kaele, ta iso a guje. Ta sa aka ɗebo kwaltar shebur guda, ta baza. Yashi ne zalla da manyan duwatsu jefi-jefi, matsakaitan babu.

Ta ce, "Shef, wannan ba zafi ba ne. Ba abin da zai riƙe ta."

"Madam, dubi sama! Motocin nan fa?"

"Su koma."

Shef ya dubi kwaltar da ta baza. Sannan ya ciro waya ya kira inda ake dafa kwaltar. Ashe bakin rumbun matsakaiciyar tsakuwa ne ya toshe tun safe, yashi na ta zuba shi kaɗai.

Cikin ruwa muka kankare duk abin da muka shimfiɗa. Da muka fake a rumfa, shef ya zauna kusa da ni ya miƙo mini shayi. Na karɓa na sha.