Ma'aunin Malam Ishiyaku Mai Doki

A duk faɗin ƙasar Rano da Kibiya babu mahaluƙin da ya san doki kamar Malam Ishiyaku na Kahu. Wannan magana ba a jayayya a kanta, domin shi da bakinsa ya faɗe ta, kuma ya sha maimaita ta a gindin darbejiyar ƙofar gidansa. Dawakin da ya mallaka a rayuwarsa dai uku ne, ɗaya bayan ɗaya, kuma rabonsa da hawa tun kafin wayar salula ta shigo garin.

Manomi ne kamar mahaifinsa. Dawa, gero, wake, sai gyaɗa in damina ta yi kirki. Abin da ya gada bayan gona shi ne turke, da tsohon sirdi mai likkafun tagulla, da wani baƙin doki. Wannan dokin ne ya koya masa darasin da ya rayu a kansa. Wata shekara ya ba wani ɗan tireda mai tumbi aronsa, ya je ɗaurin aure Rurum ya dawo. Da aka cire sirdi sai ga baya ya kumbura. Kumburi ya zama miki, miki ya ƙi magani, kafin a yanke gero doki ya kwanta bai tashi ba. Ɗan tiredan ya zo jaje, ya ce ai kwana ne ya ƙare. Malam Ishiyaku bai musa ba, amma daga ranar ya kafa doka.

Dokar mai sauƙi ce. Duk wanda zai hau dokinsa sai ya tsaya a gaban turke ya ɗaga hannuwansa sama. Malam Ishiyaku zai rungumi ƙugunsa, ya yi bismilla, ya yunƙura. In ƙafafu sun bar ƙasa, ga linzami. In ba su bari ba, Allah ya ba da haƙuri, ga 'yan acaɓa can bakin titi.

"Abin da ƙuguna bai ɗaga ba," in ji shi, "bayan dokina ba zai ɗauka ba."

Ta haka ya ɗaga angwaye ba adadi, da samarin da suka sauke Alƙur'ani, da hedimasta guda. Wani ɗan takarar kansila ya zo da magoya bayansa, aka rungume shi a gabansu, ya ƙi tashi. Ya koma a mota, kuma zaɓen ma bai ci ba.

Wani malamin dabbobi da ya zo rigakafi ya taɓa gaya masa cewa a littafi an ce kada doki ya ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa, kuma har da sirdi ake lissafin.

"To kai ka taɓa ɗora doki a sikeli?"

"Akwai igiyar da ake awo da ita, Baba."

"Ina take?"

"Tana ofis."

"Ka gani. Nawa ma'aunin kuwa tare muke kwana."

Illar ma'aunin ɗaya ce, tsufa yake yi. Yana ɗan shekara arba'in yakan ɗaga ƙato kamar damin karmami. Da ya haura sittin sai 'yan sirara. Mutanen Kahu suka ce ma'auni ya lalace. Shi kuma ya ce su dubi Bidi, dokinsa na uku, wanda suka shekara goma sha tara tare, gadon bayansa har ya fara lotsawa. In mai awo ya tsufa, ai abin hawan ma ba yaro ba ne.

Haka aka zauna lafiya har auren Ikram ya taso.

Ikram ita ce autarsa, kuma ita ta kawo mijinta da kanta: Tajuddeen, direban babbar mota mai jigilar hatsi daga Rano zuwa Kano. Yaro ne mai ladabi, ba ya shan komai, ba ya wasa da salla. Aibinsa ɗaya, tuwo ya karɓe shi.

Malam Ishiyaku bai taɓa kallonsa ido da ido ba, don ba a yin haka da suruki. In Tajuddeen ya zo gaisuwa, can nesa yake durƙusawa, kai a ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon katanga. Saboda haka a kaikaice ya san nauyinsa. Ya ga yadda tayar baya ta babur take kwanciya in an kawo shi. Ya ji kukan bencin zaure. Wata rana bayan an yi yayyafi, da baƙon ya tafi, ya tsuguna ya sa yatsa a sawun takalminsa. Gaɓa guda ta shige.

Ranar Talata, saura kwana huɗu biki, Munzali babban abokin ango ya yi sallama, ya durƙusa.

"Baba, ango ne ya ce a roƙa masa arziki. Ranar Asabar in an ɗaura aure, a ɗaura wa Bidi kaya."

"Kaya."

"Cikakku, Baba. Sirdin nan na gado, da jalala, da ɗan kai, har likkafun tagullan. So muke ya fito sosai."

Malam Ishiyaku ya dubi Bidi a turke. Bidi yana cin harawa, bai san ana maganarsa ba.

"To," ya ce. "Allah ya kai mu."

Me kuma zai ce? Suruki ya aiko.

Da ya shiga gida, Jumai matarsa ba ta ko ɗago daga tankaɗen da take yi ba.

"Malam, kada in ji, kada in gani."

"Me na ce?"

"Fuskarka ta faɗa. Ka rungumi surukinka a bainar jama'a kamar ɗan kokawa? Wallahi sai dai in bar garin."

"Ni na ce zan ɗaga shi?"

"Kuma ba za ka hana shi ba. Ka ba bare, ka hana mijin 'yarka? Danginsa su ce ka raina ɗansu, a dinga yi wa yarinya gori har ta yi jika."

"In bayan Bidi ya karye fa?"

"Doki ne, Malam."

Gaskiya ta faɗa, doki ne. Ya fita ya tsaya a turke yana shafa gadon bayan nan, yatsunsa suna bin ƙashi ɗaya bayan ɗaya, yana tuna warin mikin baƙin dokin mahaifinsa, wanda shekara talatin ba su fitar masa daga hanci ba.

Laraba ya yi tunanin cewa Bidi ba shi da lafiya. Ya fasa, domin ya yi imani ƙarya a kan lafiyar dabba ba ta kwana sai ta zama gaskiya. Alhamis da hantsi, da mutane suka tafi gona, ya ɗaura sirdi, ya kira maƙwabci suka ɗora buhun dawa a kai, ya ce iska yake so ta sha. Ya ja ragama. Bidi ya kwantar da kunnuwa baya, ya lanƙwasa baya, ya gajarta taku kamar mai tafiya a kan ƙaya. A taku na goma ya waiwayo ya dubi ubangidansa. Malam Ishiyaku ya ture buhun ƙasa da sauri har bakin ya ɓalle, kaji suka yi walima.

Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tare Munzali.

"Angon naku dai yana cin abinci ko? Wasu in biki ya matso sai su rame."

"Alhamdu lillahi, Baba. Jiya malmala huɗu ya ci."

"Madalla," in ji Malam Ishiyaku.

Asabar kafin azahar aka ɗaura aure. Ƙofar gida ta cika: 'yan uwa daga Unguwar Gai, direbobi daga Rano, makaɗa, da mata a soro suna leƙe. Malam Ishiyaku da hannunsa ya ɗaura kayan. Ya ninka zubka biyu a ƙarƙashin sirdi don ta rage dannawa, ko da yake ya san zubka ba ta rage nauyi. Ya ja majayin da ke ɗaure sirdin, ya sassauta, ya sake ja. Bidi ya fito kamar ɗan shekara biyar. Malam Ishiyaku kaɗai ya san abin da ke ƙarƙashin jalalar da ta rufe bayan.

Sai ga ango. Babbar riga ta shadda ta sha sitaci, ta ƙara masa faɗi a kan wanda Allah ya ba shi. Wani mai ɗaukar hoto yana gabansa yana tafiya da baya. Tajuddeen yana takowa a hankali, taku ɗaya sai ya tsaya, gumi yana zubo masa ta ƙarƙashin hula. Malam Ishiyaku ya ce a ransa, ko ƙafafunsa ma da ƙyar suke ɗaukarsa.

Saura taku biyar. Bidi ya yi firji, ya kaɗa kai. Saura uku.

"Matsa mana, ango!" in ji Munzali. "Dafa sirdin!"

Tajuddeen ya miƙa hannu.

A nan dabara ta zo wa Malam Ishiyaku, irin wadda ke zuwa bayan lokacinta ya wuce. Zai rungume shi, ya yi nishi kaɗan, ya saki, ya ce bai tashi ba. Doka ce, kowa ya san ta, ba a ce raini ba. Kunya ta rana ɗaya, Jumai ta yi fushin wata guda, Bidi ya tsira da bayansa.

Ya shiga tsakanin ango da doki.

"Ɗaga hannunka."

Wannan ce magana ta farko da ya taɓa faɗa wa surukinsa kai tsaye. Kiɗa ya tsaya. Wata da ta ɗauko guɗa a soro ta haɗiye rabinta. Tajuddeen ya dubi Munzali, Munzali ya dubi ƙasa. Amma uban mata ya yi magana, sai ya ɗaga hannuwa sama, hannayen riga suka zubo kamar fukafukai.

Malam Ishiyaku ya rungume shi. Yatsunsa da ƙyar suka haɗu a baya. Ya ji ƙamshin turare, ya ji zuciyar yaron tana bugu. Ya yi ɗan nishin da ya shirya, yana shirin saki.

"Kai Ishiyaku, bar wahalar da kanka!"

Alu ne, taubashinsa, wanda tun suna yara ba ya raga masa.

"Shekaranjiya buhun dawa ma sai da aka kama maka! Ma'auni ya mutu, a kai shi bola!"

Dariya ta tashi, har da ta mata a soro.

Mutum yakan shirya abu da hankalinsa, jikinsa ya yi wani. Malam Ishiyaku ya gyara tsayuwa, ya kafa dugadugai, ya ce bismilla da ƙarfi, ya yunƙura da duk abin da shekara sittin da uku suka bar masa. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ango ya ce, "Wayyo, Baba!" Takalma suka bar ƙasa. Ba da yawa ba, kamar taƙi guda, amma duk wanda ke wurin ya ga haske a ƙarƙashinsu.

Abu biyu ya gane a lokaci guda. Na farko, bisa dokarsa ango ya halatta ya hau. Na biyu, wani abu a ƙugunsa ya ce ƙas.

Ya zube. Jama'a suka yo kansa da salati. Shi kuwa yana kwance a ƙasa, bai iya motsa ƙafa ba, ya miƙa hannu ya damƙe likkafa.

"Kada ka hau," ya ce, yana kallon surukinsa tsakar ido. "Na ɗaga ka, kowa ya gani. Amma kada ka hau. Dokar tawa ce, na karya ta. Ku ce na yi ƙarya shekara talatin, na yarda. Kada ka hau."

"Ba zan hau ba, Baba," in ji Tajuddeen. "Wallahi ba zan hau ba."

Ya sunkuya ya ɗauki uban matarsa cak, kamar an ɗauki tabarma, ya kai shi zaure. Bai ko yi nishi ba. Wannan ma Alu bai bari ya wuce ba, amma sai da ya tabbatar taubashin nasa yana numfashi.

Kwana arba'in Malam Ishiyaku ya yi a kwance. A asibiti aka ce kada ya sake ɗaga abin da ya fi buta. Jumai ba ta bar garin ba, sai dai ta yi kwana tara tana ajiye masa abinci ba magana. Dangin ango ba su yi wa Ikram gori ba. Cewa suka yi ba su taɓa ganin uban mata mai son surukinsa haka ba, domin mai hoto bai daina aikinsa ba, kuma hoton rungumar ya zaga wayoyi har Kano. Bidi kuwa, tunda babu mai ɗagawa, babu mai hawa. Ya yi ƙiba, gashinsa yana sheƙi.

Malam Ishiyaku yakan sa a fito da shi gindin darbejiya, ya jingina da matashi yana kallon turke. Yakan ce wa masu zuwa dubiya ya ba da bayansa ya fanshi na dokinsa, kuma ko gobe aka sake sai ya yi. Masu dubiya sukan ce haka ne, su yi masa addu'a, su tashi.

Babu wanda ya gaya masa abin da duk abokan ango suka sani tun ranar Talata. Tajuddeen ko jaki bai taɓa hawa ba, tun yana yaro tsoron doki yake ji. Hoto kawai ya zo ɗauka a gefen Bidi, ba hawa ba.