Ƙwan da Gwaggo Hilda Ta Hana

Gwaggona Hilda Cammack ta yi shekara hamsin da biyu tana kiwon kaji ba ta sa ƙwai a bakinta ba. Ko a cikin kek aka fasa shi, sai ta ture faranti ta ce ta ƙoshi. Muna yara mun ɗauka ciwo yake sa mata. Sai da na girma na fara furfura sannan na san dalili, shi ma ba daga bakinta ba, daga bakin babana, wato yayanta.

Mace ce gajera mai faɗa, ba ta taɓa aure ba. Gidanta shi ne na ƙarshe a ƙauyenmu, daga shi sai shingen tsohon filin jirgin yaƙi, inda yanzu nake noman dankali a rabinsa. Ni ma ba a yabona da haƙuri, amma in na tsaya kusa da ita sai a ce ni salihi ne. Ba ta taɓa kirana Desmond ba. "Kai ɗan Walter," haka take cewa, "cire takalmin nan, ba gona ka shigo ba."

Shekararta goma sha tara lokacin da aka ɗauke ta aiki a kicin ɗin filin, yaƙin duniya na biyu na tsakiyarsa. A lokacin ƙwai na gaske ya yi wuya a duk yankinmu na Lincolnshire. Garin ƙwai ake ba mutane a gwangwani, a dama da ruwa, a ci a yi shiru. Amma waɗanda suke tashi da manyan jiragen sakin bam, su ana ajiye musu na gaske, kowa ɗaya. Ƙa'idar filin ita ce sai ka je ka dawo a soya maka. Da la'asar ake kawo wa Hilda adadin mutanen da za su tashi, ta ƙirga ƙwai daidai da su ta jera a tire. Da safe kuma ba ta bukatar kowa ya gaya mata labari. Abin da ya rage a tiren shi ne waɗanda ba su dawo ba. Kowane jirgi mutum bakwai yake ɗauka, saboda haka ragowar kullum bakwai ce, ko sha huɗu, ko ashirin da ɗaya.

Samarin nan sun mai da abin wasa. Sai ka ji ɗaya ya dafa kafaɗar abokinsa ya ce, "In ba ka dawo ba, ka bar min naka ko?" Su kwashe da dariya su fita. Mafi yawansu ba su kai shekara ashirin da biyu ba.

A cikinsu akwai wani ɗan Kanada, Lorne Petrie, mai riƙe bindigar da ke wutsiyar jirgi. Dogo ne, siriri, kullum yana jin yunwa. Babana ya ce duk ƙauyen an san yana son Hilda, ita ce kawai ta yi kamar ba ta sani ba. Wata la'asar ya leƙo ta ƙofar kicin tana cikin jera ƙwai, ya ce ta taimaka ta soya masa nasa yanzu, cikinsa na kuka. Ta ce ƙa'ida ƙa'ida ce. Ya roƙa, ya yi mata daɗin baki. Ta ɗaga ludayi ta ce, "Sai ka dawo." Aka kira ta ciki, ta tafi ta bar shi tsaye.

Da gari ya waye jirgi ɗaya ne bai sauka ba, nasu Lorne. Ta je ta duba tire, maimakon bakwai ta tarar da shida. Ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Saje mai kula da kicin ya yi mata faɗa a kan ƙwai ɗaya, amma ba faɗan ne ya dame ta ba. Abin da ya zauna mata a zuciya shi ne tun da la'asar hannunta ya tsallake mutum ɗaya, kamar ta riga ta cire shi daga cikin masu dawowa. Ga shi kuma ta hana shi abinci ya tafi da yunwa. Babana ya yi ta ce mata wannan camfi ne, ita kuwa ko a jikinta.

Bayan yaƙi sojoji suka kwashe nasu, ciyawa ta cinye filin, manoma suka karɓe shi. Shekaru da yawa bayan haka wasu mutanen garinmu masu taurin kai suka samo tsohon jirgi irin wancan, Lancaster, suka jawo shi cikin babbar rumfar da ta rage. Ni ma aka ja ni ciki. Ba na gane komai a inji, aikina goge gilashi da korar tattabaru, kuma na fi kowa mita. Jirgin ba ya tashi. Sau ɗaya a shekara, ranar tunawa, ake fito da shi a tada injinansa huɗu, ya yi tafiya a ƙasa har ƙarshen abin da ya rage na titin jirgi ya juyo. Tsofaffin da suka taɓa tashi da irinsa suna zuwa da lambobin yabonsu a ƙirji, su tsaya a iska suna kallo.

Gwaggo Hilda ba ta taɓa fitowa kallo ba. Tana can bukkar shayi da kaskonta, domin tun shekarar farko ta sa doka cewa duk tsohon da ya zo sai an soya masa ƙwai in jirgi ya juyo. Daga akurkinta take kawowa. Sai ta tambaye ni mutum nawa, ta ƙirga sau biyu, sannan ta ƙara ɗaya ta ajiye shi daban a cikin kofin shayi. Na taɓa tambayarta na wa ne. Ta ce, "Na uwar mai tambaya." Ban sake ba.

A shekarar da ta cika saba'in da ɗaya wani baƙo ya zo, dattijo mai sanda, 'yarsa ce ta tuƙo shi daga Wales. Ba mu taɓa ganinsa ba. Da aka tada injin farko, farfela ta yi tari ta kama, sai na ga ya juya wa jirgin baya ya dafa shinge. Haka ya tsaya har aka kashe na huɗu. Na ji tausayinsa ƙwarai, na kama hannunsa na kai shi bukkar shayi tun sauran ba su shigo ba.

Gwaggo ta ajiye masa faranti, ƙwai a kan burodi. Ya ɗago ya dube ta ya daɗe, sannan ya ce, "Ke ce Hilda mai ludayi."

"Ni ce. Kai fa?"

"Alwyn Pryce. Ni ne mai duba taswira a jirginsu Lorne Petrie."

Ta ajiye kaskon a hankali. Ya ce an harbo su a hanyar dawowa, shi kaɗai ya samu ya diro da laima, aka kama shi, ya zauna fursuna har ƙarshen yaƙi. Ya ce Lorne bai bar bindigarsa ba, yana ta harbi don sauran su samu fita, har wuta ta raba jirgin biyu. Shekara hamsin yana cewa zai zo nan, ƙafarsa tana ƙi, domin kunyar zama shi kaɗai a raye take hana shi.

Gwaggo ta goge hannu da zanen gabanta. Muryarta ba ta yi rawa ba, amma ban taɓa jin ta yi ƙasa haka ba. "Ku bakwai ne kuka tafi," in ji ta. "Shida na tarar a tire. Ni ce ban ƙirga da Lorne ba. Kuma ya roƙe ni, na hana shi."

Dattijon ya ƙura mata ido. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, har da hawaye.

"Haba baiwar Allah," ya ce, "ƙirgarki daidai take. Kina juya baya ya zare ɗaya ya tura cikin safar hannunsa. A motar da ke kai mu wurin jirgi ya fito da shi yana nuna mana. A butar shayin makanikai ya dafa shi, duk shayin ya lalace, suka yi ta zaginsa. Ya zauna ƙarƙashin wutsiya ya ɓare abinsa ya cinye, ko ɗanɗano bai ba kowa ba."

"Ya ci?"

"Tas. Har ya lashe yatsu. Ya ce kada wanda ya gaya miki, don gobe da safe zai zo ya karɓi na biyu, ya ga yadda za ki yi."

Gwaggo Hilda ta ja kujera ta zauna, abin da ban taɓa ganin ta yi ba a bukkar nan. A waje muna jin muryoyin tsofaffin suna tahowa, sanduna na ƙwanƙwasa siminti. Ta kalli tagar da ke fuskantar titin jirgi ta daɗe.

"Ɓarawo," ta ce a hankali. "Dogon banza. Shekara hamsin da biyu."

Ta share ido da bayan hannu, ta miƙe ta koma bakin wuta. Mutum goma sha tara suka shigo, ta soya wa kowa nasa, ta yi wa biyu faɗa a kan laka da suka shigo da ita. Sai da kowa ya samu sannan ta ɗauko kofin shayin nan, ta fasa ƙwan da ke ciki a kasko. Ta juye shi a faranti, ta ɗauki cokali mai yatsu, ta zo ta zauna kusa da Alwyn Pryce.

Ni kuwa na tsaya baki sake da tsumma a hannu. Ta ɗago ta harare ni.

"Me kake kallo, ɗan Walter? Ya ci nasa. Miƙo min gishiri."