Jan Bik ɗin Yaya Rifkatu

Shekara bakwai ke nan da muka rufe yayata Rifkatu, kuma har yau in taksi ta ratsa da ni ta unguwar Kalley a nan Yamai sai na tarar idona yana bin allunan shaguna ɗaya bayan ɗaya. Ni ban karanta Ingilishi ba. Aikin jinya na yi har na huta, da Faransancin gidan likita da Hausarmu ta Dogondutsi na ci abinci. Amma zama da Yaya ya sa nakan gane kuskure a rubutu ko da ban san gyaransa ba, sai in ji gabana ya faɗi a madadinta.

Yaya ta koyar da Ingilishi a wata lise, wato sakandare, a ƙetaren gada, wajen Lamorde, tun tana budurwa har furfura ta fito mata. Ɗalibai suna kiranta Madam Jan Bik, wato mai jan biro, don takardar da ta bi ta hannunta takan dawo kamar an yanka kaza a kanta. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne yaro ya ɗauko ginin Faransanci ya lulluɓe shi da kalmomin Ingilishi. Yaro ya ce “I am agree”, don a Faransanci haka ake jera maganar, sai ta ajiye alli ta dafe kai. Ta kan dawo gida da ɓacin ran, ta zauna a gaban tuwo tana ba mu labari kamar an yi mata sata.

Ba a aji kaɗai abin ya tsaya ba. Wata rana na raka ta kasuwar Katako sayen katakon rufin ɗaki, ta hango allon wani shago an rubuta kalmar maraba ta Ingilishi da harafin L biyu a tsakiya. Ta tsaya cak, ta sa aka kira mai shagon.

“Alhaji, wa ya rubuta maka wannan? Harafi ɗaya ya yi yawa.”

“Madam, ai bai hana ciniki ba.”

“Bai hana ba. Amma yara ta nan suke bi zuwa lakwal. Su kwasa a allonka, su kai mini cikin aji.”

Mutumin ya yi dariya, ni kuwa kunya ta sa na koma bayan tulin katako. Washegari ta koma da ɗan gwangwanin fenti. A lokacin abin dariya ne a gidanmu, muna ba da labarin a duk taron dangi.

Dariyar ta ƙare ranar da ɗanta Daniyel ya kawo yarinyar da zai aura. A Kumasi ta ƙasar Gana ya yi karatu, a can ya gamu da Abena. Ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci, ba ta jin Zabarmanci. A duk gidanmu, in ka cire Daniyel, Yaya ce kaɗai za ta iya hira da ita, kuma na san Yaya ta yi ta murnar haka tun kafin su iso. Yarinyar ta durƙusa, ta fara gabatar da kanta da Ingilishin da ta tashi da shi. Ba ta kai ƙarshen jimlarta ta farko ba Yaya ta tare ta, ta maimaita mata jimlar yadda littafi ya ce, a gaban pasto da dattawan da muka gayyata. Ba da mugunta ta yi ba, na rantse. Bakinta ne ya riga ta. Amma na ga fuskar Abena ta rufe, na ga Daniyel ya sunkuyar da kai.

An yi aure, suka zauna a Yamai. Abena ta duƙufa ta koyi Hausa a wajen maƙwabta da ƴan kasuwa, ta dinga gaishe da surukarta da ita, gurguwa-gurguwa, amma ba ta sake yi mata Ingilishi ba. Yaya ta yi mata tambaya da Ingilishi, ta amsa da Hausa. Shi ma Daniyel ya koma Faransanci da uwarsa. Na ce wa Yaya ta nemi yarinyar ta ba ta haƙuri, sai ta ce, “Saratu, in na ga ɗiyata da tabo a riga, in yi shiru ta fita da shi?” Ta yi imani gyara kulawa ce. Ba ta taɓa gane cewa wanda aka gyara a gaban mutane ba haka yake jin abin ba.

Daga baya hawan jini ya kayar da ita, ɓarin jikinta ya shanye. A wajen aiki na ga irin wannan da yawa, amma ban taɓa ganin wanda ciwon ya ci wa mutunci kamar ita ba. Harsunan suka cakuɗe mata. Ta buɗe baki za ta yi Ingilishi, sai kalmomin su fito a karkace, irin kuskuren da ta yi shekaru tana ja wa layi. Abin da ya fi muni, kunnenta lafiya lau yake. Tana jin kanta. Sai ta katse maganar, hawaye yana bin gefen fuskar da ba ta motsi.

Abena ce ta yi jinyarta. Ni ina zuwa in duba magani, amma wanka, juyi, ciyarwa, duk ita ce. Wata safiya na shigo na tarar tana karanta mata Zabura da Ingilishi, a hankali, da irin lafazinta na Kumasi. Rabon da in ji ta yi harshen a gaban Yaya tun ranar durƙuson nan. Yaya ta rufe ido tana saurare. Ban san ko babu abin gyarawa ba ne, ko ƙarfin gyaran ne babu, ko kuwa ta bari ne da saninta. Ban tambaya ba, kuma yanzu ba wanda zan tambaya.

Yau Ingilishi ya cika Yamai fiye da zamaninta. Masu aski, masu gyaran waya, masu sayar da kaji, kowa yana son allonsa da shi, kuma kowa yana rubuta shi yadda kunnensa ya ji. Jikokinta suna aiko mini saƙo a waya, rabi Ingilishi rabi Faransanci, kalmomin duk an gutsure su, ba babban harafi ba aya. Nakan tambayi kaina me Yaya za ta yi da wannan. Wani lokaci ina ganin da baƙin ciki ya kashe ta tun kafin ciwo. Wani lokaci kuma in ga tsofaffin ɗalibanta, wasu suna fassara a manyan taruka, su tsayar da ni a hanya su ce ba don Madam ba da ba su kai inda suke ba. Su ma gaskiya suke faɗa. Wannan shi ne abin da yake damuna: halin da ya gina su, shi ne ya sa ɗanta ya daina sakin baki a gabanta.

Da aka zo sa dutse a kabarinta, Daniyel ya ce a rubuta da Ingilishi cewa uwa ce kuma malama. Mai sassaƙar ya tsallake harafi ɗaya a kalmar malama. Duk wanda ya iya karatu ya gani tun ranar da aka kafa shi. Na ce a mayar a gyara, Daniyel ya ce, “Tanti, a bar shi haka.” Na rasa ko gajiyar makoki ce, ko wata tsohuwar magana ce da bai samu ya faɗa mata tana raye ba. Haka dutsen ya zauna duk shekarun nan, kuma ni da shi ba mu sake taɓo zancen ba.

Bana, da ranar rasuwarta ta zagayo, muka je da furanni bayan sujada. Na tarar da dutsen sabo, kalmar a cike. Na dubi Daniyel, na ga shi ma bai sani ba. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, bai yi faɗa ba, bai yi godiya ba. Abena tana tsugune tana cire ciyawa a gefen kabarin, ba ta ɗago ba ta ce da Hausarta da yanzu ta fi ta jikokin kyau:

“Tanti, ni na sa aka yi. Duk zuwan da muke yi, ji nake kamar tana karanta kuskuren.”

Daniyel ya juya ya nufi mota. Da muka iso muka same shi ya kifa kai a kan sitiyari, muka tsaya a waje cikin rana har ya gama kukansa.