Wally Sroka, Mai Ɗaga Dogo

Wally Sroka ya ɗaga Roscoe Tillery daga gado ya ɗora shi a keken guragu jiya da safe. Haka ya yi shekaranjiya. Haka yake yi tun kafin a kwashe mu zuwa yaƙi.

Daga unguwar 'yan Poland yake fitowa, ya tsallake layin dogo, ya shigo wajenmu a Titin Fayette. Makullin gidan Roscoe na rataye a wuyansa, igiya ɗaya da gicciyensa. Ya buɗe, ya ɗora ruwa a wuta. Ya wanke shi, ya shafa masa mai a baya da diddige, ya aske masa gemu. Sannan hannu ɗaya a ƙarƙashin cinyoyi, ɗaya a baya, ya ɗaga. Da yamma ya dawo ya mayar da shi.

Gidana na jikin nasu, bangon kuma ba kauri. Kullum ina jin su.

"Hannunka sanyi kamar kifin tafki, Mai Tsintsiya," in ji Roscoe.

"Ka ƙara nauyi, Dogo."

"Kabejin da kake dafa min ne. Ba nauyi ba ne, iska ce."

"To riƙe iskar sai na ajiye ka."

Fasto ya ce in rubuta wani abu a jaridar coci, tunda an ce Wally zai huta. Aji huɗu na yi a makaranta. Abin da na gani zan faɗa.

Yaran yanzu ba su san an taɓa yin Gasar Gayyata a nan Calder ba. An yi. A shekarar 1938 aka fara, a zauren rawa na bakin tafki, wajen da ake ajiye motoci yanzu. Duk watan Maris mai zauren zai buga waya ga ƙungiyoyi takwas masu cin abinci da ƙwallon kwando. Ba wanda ke neman shiga, sai an kira ka. An ci ka sau ɗaya, ka ɗaure kayanka. Ƙwallon ta fata ce, da ɗinki a gefe, in ta faɗi kan ɗinkin ta tafi inda ta ga dama.

Sauran watannin shekara farare suna da nasu wasan, mu baƙaƙe muna yawo a tsohuwar mota daga ƙauye zuwa ƙauye, mu yi wasa, mu kwana a zaune. Sai a wannan mako ɗaya ake sa mu a daɓe ɗaya da su, alƙali ɗaya, kwando ɗaya. Ko a nan ɗin ma a ɗakin tukunyar ɗumama zaure muke sauya kaya. Amma a kan daɓen ba wanda ya isa ya ce ka bi ta baya. Ni ne mai tsaron baya na ƙungiyarmu. Roscoe ne dogonmu. Ban ga mai tsalle irinsa ba, har na akwatin talabijin.

Wally shi ne mai kula da daɓe. Katakon rawa ne, ana shafa masa kaki don takalmi ya zame. Kafin gasa sai ya durƙusa da buroshi da ruwan zafi da soda ya kankare kakin nan kaf, daga bango zuwa bango. In an busa usur na ƙarshe ranar Asabar, ya sake shafawa, jama'a su sha giya su jira, sannan a yi rawa. Tsarin ke nan. Bai taɓa yi mana magana mai tsawo ba. Amma rigunanmu na ulu, in mun tuɓe su jiƙe sharkaf, da safe za mu same su a shanye kan bututun zafi. Ba wanda ya sa shi.

A 1941 muka kai wasan ƙarshe. Shekarar mai zauren ya ɗauko manyan makaɗa daga Chicago, ya ce ba za su zauna jiran kaki ba. A shafa tun da rana. Ina ɗaure takalmi a ɗakin tukunya na ji mai zauren da Wally a bakin ƙofa.

"Ba zan shafa ba," in ji Wally. "Mutane za su yi gudu a kai."

"Daɓenka ne ko nawa?"

"Naka ne. Ƙafafun ba naka ba ne."

Sai aka aike shi ƙarshen gari ɗauko kujeru. Muka ɗauka magana ta mutu. Yana fita aka ba wani gwangwanin kakin ya shafa.

Muna shiga muka ji daɓen a ƙafa. Muka yi wa alƙali magana, ya ce santsin ai na kowa ne. Gaskiyarsa. Farare ma suna faɗuwa. Zaure ya cika maƙil, ba mai son a ce baƙaƙe sun ji tsoro sun gudu daga wasan ƙarshe. Muka ci gaba. Bayan hutun rabin lokaci Roscoe ya tashi sama zai kama ƙwallo. Ya kama. Da ya sauko ƙafafunsa suka wuce gaba, bayansa ya sauka a kan bakin dandamalin makaɗa. Na ji ƙarar. Har yau ina ji.

Daidai nan Wally ya shigo da kujeru a kafaɗa. Ya zubar da su. Mu muna tsaye cirko-cirko, wani na cewa a tashe shi zaune. Wally ya ce kar wanda ya taɓa shi. Ya je ya ciro ƙyauren ɗakin tukunya, ya zura Roscoe a kai a hankali, muka kama. Asibitin da ke kusa ba ya karɓar irinmu a lokacin. Muka kai shi na can bayan masana'antar ƙarfe, a bayan motar kujeru, Wally na riƙe da kan Roscoe.

An ƙarasa wasan. An ci mu. An yi rawa.

Wally bai sake taka zauren ba. Ya sami aikin shara a makarantar firamare. Likita ya ce Roscoe ba zai wuce shekara biyu ba, gyambon kwanciya zai cinye shi, haka yake cinye irinsu. Mahaifiyar Roscoe ƙaramar mace ce, ba ta iya juya shi. Ranar da aka dawo da shi gida ta buɗe ƙofa ta ga Bature tsaye da hula a hannu. Ta ce me yake so. Ya ce, "Na zo ɗagawa."

Yaƙi ya zo ya watsa ƙungiyarmu. Biyu ba su dawo ba. Ni na dawo da hannu ɗaya. Gasar ta ɗan ja bayan yaƙi, sai manyan ƙungiyoyin birane suka kwashe 'yan wasa, ta mutu ba wanda ya yi mata kuka. Aka rushe zauren. Mai shi ya mutu an sa sunansa a titi. Mahaifiyar Roscoe ta rasu. Wally na zuwa.

Wally, kai ne ka tsallake layin dogon nan a shekarun da mutanenka suka daina gaishe ka saboda shi, mutanenmu kuma suna leƙen ka ta labule. Kai ne ka zo da shebur shekarar da dusar ƙanƙara ta rufe gari, ka haƙa hanya har ƙofar Roscoe. Ranar da aka binne matarka ka zo da baƙar kwat, ka tuɓe ta, ka naɗe hannun riga. Misis Odom mai kanti ta gani, ni ma na gani. Likitan nan ya daɗe da mutuwa. Roscoe ya haura saba'in, ba tabon gyambo ko ɗaya a jikinsa. Jaki ba ya ɗaukar abin da ka ɗauka.

Masu baki sun ce laifi ke cin ka, wai kai ka shafa kakin. Ƙarya ne. Ina wurin. Sau ɗaya na tambayi Wally dalili, muna zaune a dakali.

"Ni na fara ɗaga shi, Ezell," ya ce. "Har yau ban ga wanda ya ce kawo in karɓe ka ba."

Yanzu ga inda ake. Watan jiya ƙafar Wally ta ƙi a tsakiyar ɗagawa, suka zube tare. Ta bango na ji, na kira maƙwabta. Likita ya ce zuciyarsa ta gaji, in ya ci gaba da ɗaukar nauyi zai faɗi bai tashi ba. 'Yarsa Irene ta zo daga Arizona za ta tafi da shi. Ba na ganin laifinta, ubanta ne. In ya tafi, gidan tsofaffi na gwamnati za a kai Roscoe. Na ziyarci mutane a can. Ban daɗe ina ziyartarsu ba.

Wally Sroka, mun gode. Allah ya ɗauke maka kamar yadda ka ɗauke wa wani. Ku kuma masu karatu, ba tafi nake roƙo ba. An yi tafi ranar Lahadi a ɗakin taron coci, an yanka kek, an ba Wally agogo. Baya mai ɗaukar nauyi nake roƙo. Cocin nan cike take da ƙarti masu zuwa ɗaga ƙarfe don ado. Gidan Roscoe shi ne na uku a Titin Fayette, mai koren ƙyaure. Safe da yamma. Wally zai nuna muku inda ake sa hannu. Fasto ya tambaya a taron ko akwai mai karɓa. Kowa ya kalli farantinsa.

Bayan taron muka tura Roscoe gida, ni da Wally da Irene. Ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu.

"Baba, jirgi ranar Laraba ne. Kawo makullin in kai wa ma'aikaciyar gwamnati."

Wally ya durƙusa. Yana cire wa Roscoe takalmi.

"Ba ta, Mai Tsintsiya," in ji Roscoe. "Na gaji da kabeji. An ce can har da 'yan mata masu fararen kaya."

"Ba su san askinka ba."

"In bar gemu. Je ka sha rana, tsoho. Ba na son ka mutu a kaina, nauyi gare ka." Ya juya fuska ga bango. "Na sallame ka. Ka ji? Ga Ezell shaida."

Irene ta miƙa hannu. "Baba, don Allah."

Wally ya jera takalman a ƙarƙashin gado. Ya miƙe da ƙyar, yana dafa keken. Ya mayar da igiyar makullin cikin riga, ya ɓalla maɓalli har wuya.

"Ba na bayarwa," ya ce. "Ba inda za ni."