Dutsen da ya riga ni komawa gida

Har gobe ina tuna ranar da muka buɗe akwatin nan a sito, a Birnin Masana'antu na Biyu da ke Riyad. Aikinmu ɗaukar kayan tarihi da ake arowa daga wasu ƙasashe don baje koli a Riyad. Ƙa'ida ita ce ba a buɗe akwati sai ya kwana ya saba da iskar wurin, kuma sai ma'aikacin da ya rako shi yana tsaye.

Wadda ta rako wannan wata dattijuwa ce Ba'italiya. Da muka ɗaga murfi sai ga farin dutse iya ƙuguna, wanda Rumawan dā ke yanka a gabansa. A jikinsa an sassaƙa mutum ya lulluɓe kai da mayafi yana zuba wani abu a wuta, ga bijimi an riƙe. Abokin aikina Sani, mutumin Maraɗi, ya ce, "Malam Habu, yau kuma gunki za mu goya?" Na ce ya kama nasa ɓangaren kawai.

Da na fassara wa matar maganarsa, ta ce ba gunki ba ne, wurin cika alkawari ne. Wani matafiyi ya yi bakance in ya koma gida lafiya zai sa a sassaƙa shi.

Na ce, "Ya koma ke nan?"

Ta ce, "Ai da bai koma ba, da babu dutsen."

Maganar ta tsaya mini a rai. A lokacin idon Inna, mahaifiyata, yana ta rufewa a Funtuwa, kullum a waya sai ta ce in zo ta gan ni tun tana iya gani. Kewarta ta hana ni sukuni. Na sami mudir, shugabanmu, na roƙi hutu. Ya ce, "Ba'den, sai nan gaba, Habu. A tashi baje kolin tukuna, wa zai mayar da kayan?"

Na haƙura. Da hannuna na naɗe dutsen, na ɗaure akwatinsa, na raka shi har filin jirgi. Sai bayan nan aka sake ni. Da na isa, Inna ta ji muryata ta miƙo hannu tana laluben fuskata, ta ce, "Ka yi gemu ashe."

Ku sababbin shiga, a wannan aiki ba a fito da kaya sai an tsayar da ranar komawarsu. Mai ɗaukar kayan ne ba wanda zai tsayar masa da rana. Ku tsayar da taku tun da wuri.